Matar da ke Bakin Taga

Monna Bice ta dire kwandon ƙwai a kan benci, ta buɗe baki za ta ce wa Maestro Baldo ya zo ya duba kayansa, sai ta ga an yaye mayafin da ke rufe da allon da yake zanawa don coci. Wata bakwai ke nan tana kawo wa mutumin nan ƙwai, don da gwaiduwa yake kwaɓa launinsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa barin ta ta leƙa ba. Yau ga allon a jingine da bango, ya fi ta tsayi, zinariya sai ɗaukar ido take yi. Waliyyiya Orsina na tsaye a tsakiya cikin rigarta mai ruwan toka, ƙananan hotuna takwas sun kewaye ta, huɗu a dama, huɗu a hagu.

Bice ta yi alamar gicciye, ta matsa kusa. Ta san Orsina tun tana da rai, saboda haka ta riƙa bin hotunan tana gyaɗa kai. Ga ta a bakin saƙa, ga ta tana rabon gurasa a shekarar yunwa, ga gawarta an ɗauko. Daga nan sai al'ajiban da ta yi bayan an binne ta. Da Bice ta iso hoto na bakwai sai ta tsaya cak.

Dogon gida ne mai hawa uku. Jariri ya taho a iska, kansa ƙasa. A tsakar gida wata mata mai jar riga ta durƙusa ta ɗaga hannu tana roƙo, waliyyiya kuma ta keto gajimare ta sauko. Can sama a bakin taga, wata ce ta miƙo hannu biyu wayam, ita ta saki yaron. Fuskar ba ta wuce kan babban yatsa ba, amma ga karkataccen hancin, ga tawadar Allah a haɓa, ga ɗankwali mai ratsin shuɗi wanda duk garinmu na Roccalba mace ɗaya ce take ɗaura irinsa.

"Maestro, wace ce wannan?"

Baldo ya taho yana goge hannu a gaban rigarsa, bakinsa har kunne. Ya ce ai duk allon babu fuskar da ta kai wannan fitowa. Kaɗan-kaɗan ya riƙa satar ta, duk ranar da ta kawo ƙwai ya ɗauki hanci ko ido ya ajiye a ka. Ashe shi ya sa yake tsare ta da hirar kaji! Ita kuwa baiwar Allah tana ta tausayinsa, wai kaɗaici ne ke damun tsohon tun da matarsa ta rasu.

To, ga abin da ya tayar mata da hankali. Gobe ne idin waliyyiya. Za a ɗauki allon nan da kyandir da bushe-bushe, a ratsa kasuwa da shi, a kafa shi a kan bagaden da duk mai ciki a garin nan take zuwa ta durƙusa kafin ta haihu. Bice kuwa ungozoma ce. Shekara ashirin tana yanke cibi, rabin samarin da ke ɗaga mata murya a kasuwa ita ta fara jin kukansu. Wace mai ciki ce za ta ɗaga kai ta ga ungozomarta ta saki jariri daga hawa na uku, sannan ta aika a kira ta?

Kuma abin haushin, ba ita ta sake shi ba. Shekara ashirin da uku da suka wuce tana da shekara goma sha tara, ɗanta ya mutu a goye, aka ɗauke ta shayar da jariri a gidan Messer Arrigo mai fataucin ulu. Ranar nan tana tsakar gida tana wanke tsummokin yaron, uwarsa Monna Dianora tana riƙe da shi a taga, ta sunkuyo tana cinikin zaren ado da wani ɗan koli. Yaron ya zille. Bice ce ta kai gare shi, ta tarar ya yi shuɗi ba ya numfashi, ta kafa bakinta a nasa tana hurawa, tana kiran Orsina da ba ta cika wata biyu a kabari ba. Ya yi tari, ya tsala kuka. Har gobe Bice ba ta shakkar cewa waliyyiya ce ta dawo da shi, amma ta san bakin wa aka kira ta da shi.

Messer Arrigo kuwa mutum ne mai saurin hannu, ya taɓa karya wa matarsa haƙarƙari a kan abin da bai kai wannan ba. Dianora ta kama ƙafar Bice tana kuka. Da aka kawo magatakarda don ya rubuta al'ajibin, Bice ta ɗora hannu a kan Linjila ta ce a hannunta yaron ya suɓuce, uwarsa ce ta yi roƙo. Ta sha mari biyu, aka kore ta. Ta koma ƙauye wajen gwaggonta ta koyi karɓar haihuwa, da ta dawo gari an manta da ita. Yawancin waɗanda suka san zancen sun mutu, takardar kuma tana cikin akwatin coci ɓera na gwada haƙori a kanta, sai da aka tashi yin allo aka tono ta.

Duk wannan ta zayyana wa Baldo a tsaye. Ta ce abu mai sauƙi take nema: ya mayar da jar rigar sama, ya sauko da ɗankwalin ƙasa. Idan ba zai iya ba, to ya ƙara mace ta uku kusa da yaron, ya shafe ta tagar.

Tsohon ya dube ta kamar ta ce ya juya hasumiyar gari. Ya kamo hannunta ya ɗora yatsanta a gefen hoton, ta ji wani siririn tsagi. Ya ce tun kafin a sa zinariya ake tsaga siffar kowane mutum da allura a jikin farin allin da aka shafe katakon da shi, sannan a shimfiɗa zinariya har bakin tsagin, a goge ta da haƙorin kare. Inda aka bar wa mutum biyu wuri, mutum biyu ne har abada. In ya kankare mace ɗaya, ramin siffarta zai zauna a cikin zinariya kowa na gani. Batun musanya riga kuwa, shi abin da ke takarda ya zana, kuma da izinin wadda ta sa aikin.

"Wa ya sa aikin?"

"Ke kaɗai ce ba ki sani ba? Monna Dianora mana. Ita ta ce a sa fuskokin gaskiya, don mutanen bishop masu zuwa tantance waliccin Orsina su ga shaidu na nan da ransu. Ni dai ba na taɓa ko gashin gira sai Fada, limamin cocinmu, ya ce."

Ta bar kwandon nan ta fita.

Ta sami Fada Ranieri a farfajiyar coci yana faɗa da masu kafa rumfa. Sau uku tana fara magana yana ɗaga mata hannu ya juya ya daka wa wani tsawa. Sai da ta ce zancen rantsuwa ne ya ja ta gefe, ya saurare ta yana kallon rumfarsa ta saman kanta. Da ta gama ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙara wa kaya.

"'Yata, ko dai kin yi ƙarya a kan Linjila a wancan lokacin, ko kina yi mini yanzu. Wanne kike so in rubuta?"

Ta ce gaskiya take so ya rubuta. Ya ce gaskiya tana da tsada a wannan makon. Mutanen bishop suna hanya, gobe za su karanta shaidu, kuma a cikin al'ajiban Orsina duka wannan ne kaɗai aka tayar da matacce. Idan mai shaida ta tashi ta ce rantsuwarta ƙarya ce, za su nannaɗe takardunsu su hau alfadaransu, garin ya rasa waliyyiyarsa, ita kuma a tsayar da ita a kasuwa a matsayin mai rantsuwar zur. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin an kira mai rantsuwar zur ta karɓi haihuwa. Sannan ya sassauta murya ya ce ai tawali'u ado ne, ita kanta Orsina an yi mata ƙazafi ta haɗiye. Bice ta ce Orsina saƙa take yi, babu mai tsoron ta yar masa da zare. Fada bai yi dariya ba. Ya ce fuska dai ba ta cikin takarda, in mai aikin ta yarda a sauya, shi bai gani ba, bai ji ba.

Rana ta take lokacin da ta isa gidan nan mai hawa uku. Shekara ashirin da uku tana zagaye layin don kada ta ga tagar, yau ga ta tana buga ƙofa. Aka zaunar da ita a ɗakin girki, aka ce uwargida na addu'a. Ta zauna tana kallon kuku na yanka albasa har aka kaɗa ƙararrawar coci sau biyu. Kai, addu'ar masu arziki ba ta ƙarewa in talaka na jira.

Tana nan zaune Guccio ya shigo, jaririn nan da ya faɗo, yanzu ƙato ne mai gemu, shi ke riƙe da fataucin ubansa. Yaron kirki ne, wannan ba a ja. Ya rusuna ya gaishe ta, ya riƙe hannunta biyu, ya ce ya ga allon jiya, kuma yana so ta sani bai taɓa riƙe ta a zuciya ba, ya yafe mata tun yana ƙarami. Bice ta dubi bakin nan da ta hura wa numfashi, yana yafe mata. Gaskiyar ta zo mata har baki, ta mayar da ita. Ta ce ta gode.

Monna Dianora tana zaune a ɗakin sama, ta juya wa tagar baya. Ta rame, carbi a hannunta. Ta sallami mai yi mata hidima, ta ce a ja ƙofa. Ba ta yi kamar ba ta san abin da ya kawo Bice ba, wannan kam a ba ta.

Bice ta ce Messer Arrigo ya shekara shida a ƙasa, babu sauran mai karya haƙarƙarin kowa. Ta ce ta ɗauki kayan da ba nata ba tana yarinya, ta sha mari, ta bar gari, ba ta taɓa buɗe baki ba ko ga mijinta. Ba ta zo neman godiya ba. Amma a ɗauki fuskarta ta yau, da tsufanta da sunanta, a kafa a kan bagade, wannan ba ya cikin alkawari.

"Uwar ɗakina, me kike tsoro kuma yanzu?"

"Guccio," in ji Dianora. "Kullum da safe sai ya sumbaci hannuna ya ce wannan ne hannun da ya roƙa masa rai. Kina so in ce masa zaren ado nake ciniki?"

"To ni fa?"

Tsohuwar ta ce ba ta yi tunanin abin zai taɓa sana'ar Bice ba, ta rantse ba ta yi ba, kuma Bice ta yarda, shi ne ma abin da ya fi ƙona mata rai. Matar nan ta shekara tana shirya allo, ta zaɓi jan rigar, ta zaɓi zinariyar, ba ta taɓa tsayawa ta tuna cewa ta bakin tagar mutum ce mai fita kasuwa ba. Ta ce so take kafin ta mutu ta ga kanta a durƙushe a wurin nan ko da a hoto ne, tun da a ranar ƙafafunta sun ƙi saukowa daga bene. Sauran kuma tsakaninta da Allah, za ta faɗa wa Fada in ajali ya matso.

Ta zare zobenta ta miƙa, ta ce a nuna wa Baldo, ya sauya fuskar matar da ke bakin tagar, ya shafe ratsin ɗankwalin. Ba sai an san Bice ce ba.

"Ni so nake a san ni ce. A ƙasa, kusa da yaron."

"A ƙasa akwai mutum, Bice."

Babu irin abin da Bice ba ta shirya faɗa ba a hanya, amma ta tsaya da zobe a hannu kamar wadda aka aika. Ta sauko benen tana ƙirga matakalar da ta taɓa haurawa da yaron a ƙirjinta yana kuka. A tsakar gida ta yi tsaki mai ƙarfi, kaji suka watse.

La'asar ta yi lokacin da ta koma wajen Baldo. Ya juya zoben, ya yi ta mita. Ya ce hasken kirki ya kusa tafiya, ya ce fuskar da ta fi kowacce kyau a aikinsa ita za a sa shi ya kashe da hannunsa, ya ce mata biyu sun haɗu za su kai shi kabari. Bice ta ce in ya ga dama ya yi kuka, amma ya yi yana aiki. Ta jawo kujera ta zauna a bayansa, don ta daina yarda da abin da ba ta gani da idonta ba.

Ya sa bakin wuƙa ya kankare a hankali. Hancin ya tafi, tawadar ta tafi, abin ya zubo a kan tsumma kamar garin tuwo. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ya fasa ƙwai, ya mirgina gwaiduwar a tafin hannu har ta bushe, ya huda ta a ƙoƙo. Ya fara shafa kore-kore a gurbin fuskar, kamar yadda suke yi, sannan ya riƙa ɗora launin fata da burushi mai gashi uku ko huɗu, zare bisa zare, yana jira kowane ya sha iska. Bai ko ɗaga kai ya nemi abin kwaikwayo ba. Fuskar da yake sa wa duk matan da ke tsaye a bayan taro ita ya sa, hannunsa ya san ta. A allon nan kaɗai tana wajen rabon gurasa sau biyu, tana wajen jana'iza sau uku. Ya bi ratsin shuɗin da fari ya rufe.

Ya ja da baya ya ce ta duba.

Wata yarinya ce a tagar, kumatu zagaye, hanci miƙaƙƙe, ba za ta wuce goma sha tara ba. Hannunta biyu a miƙe wayam, bakinta a rufe. Ko uwar da ta haifi Bice ba za ta ce ita ce ba. Sunanta ya tsira, gobe za ta iya tsayawa a gaban bagade ta ɗaga kai. Ta bi hotunan takwas da ido tun daga farko, ta ga mai gurasa, ta ga mai haƙa kabari, har karen Fada yana nan a wani lungu. Ita ce dai babu.

"Wace ce ita?" ta tambaya.

"Ba kowa. 'Yar aiki."

"Tana da uwa?"

Baldo ya ce ta tafi gida ta huta, rana ta buge ta. Amma Bice ta kasa ɗauke ido daga yarinyar. An ajiye ta a can sama ita kaɗai, za ta shekara ɗari tana sakin yaron nan, babu wanda zai hau gidan kowa ya yi magana dominta. Haushin da Bice ta wuni da shi bai tafi ba, wuri kawai ya sauya.

"To buɗe mata baki, Maestro. Ɗigo ɗaya ne. A ga dai tana kiran waliyyiya."

"Mai kira tana ƙasa," in ji shi, yana wanke burushinsa. "Haka yake a takarda."

Tana shirin ba shi amsa aka banko ƙofa. Nardo majemi ne, yana haki, warin fata na biye da shi. Ya ce ya je gidanta, ya je coci, ya zagaye gari yana nemanta, matarsa ce faya ta fashe tun azahar, kuma ta ce ba mai taɓa ta sai Monna Bice. Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan allon, ya cire hula, ya yi alamar gicciye. Ya matsa yana kallo baki buɗe, har ya iso hoto na bakwai, ya kai yatsa kusa da tagar, Baldo ya doke hannun.

"Dubi wannan sakarar," in ji Nardo. "An ba ta amanar ɗan mutane ta sake shi kamar tulu. Da ni ne maigidan, sai na fasa mata baya da bulala." Ya juyo yana girgiza kai. "Mu dai mun gode Allah da ya ba mu irinki, Monna Bice, ba irin waccan ba."

Baldo ya sunkuyar da kai yana ta goge burushin da ya riga ya bushe. Bice ta ƙara duban yarinyar sau ɗaya, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Yarinya ce," ta ce. "Wuce mu je, ka sa a ɗora ruwa."